Mai Labule Ba Ta Karɓar Awon Baki

Idan ka bi ta layinsu da hantsi, ba sai an nuna maka shagon Mai Labule ba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a gaban gidanta, ta rataye ragowar yadudduka a tagarsa, shuɗi da ruwan goro da wani kore mai duhu. Idan rana ta bugi bayansu sai ɗakin ya koma kamar ƙarƙashin ruwa, burbushin auduga na yawo a hankali cikin iska, ita kuma tana tsakiya tana taka keke, tef rataye a wuyanta. Mutane kan shigo su manta abin da ya kawo su. Wata mata ta taɓa zuwa da faɗanta a baki, wai an jinkirta mata aiki, ta zauna a benci tana jiran a ɗago kai a dube ta. Da aka ɗago, sai ga ta tana gyangyaɗi.

Sunan da aka yi mata baftisma da shi yana nan, amma har fasto Mai Labule yake ce mata. A wurin mahaifiyarta ta koyi ɗinki, tun ƙafarta ba ta kai matakin keke ba. Ta gwada ɗinka riguna ta ga ba za ta iya da mutane ba: ka auna mace yau, kafin ta zo karɓa ta ƙara ƙiba, kuma laifin naka ne. Taga kuwa ba ta ƙiba, ba ta rama. Shi ya sa ta koma labule, ta kuma kafa wa kanta doka guda wadda duk unguwa ta sani: ba ta karɓar awon baki. Ka ce mata tagarka "kamar tsawona ce da ɗan ƙari", ko ka kawo mata igiya da ƙulli, sai ta yi murmushi ta ce, "Bari in sa takalmi." Sai ta je da ƙafarta ta ɗora tef a kan tagar, sannan almakashi zai taɓa yadi.

A wurin irin wannan awon ta gamu da mijinta. Sabon gida ne, shi yana kan tsani yana shafa fenti, ita tana ƙasa tana auna taga, sai ɗigon farin fenti ya sauka a kan ɗankwalinta. Ta ɗaga kai za ta zazzaga masa masifa, ya riga ta: "Yi haƙuri, 'yar'uwa, alama na sa, kada wani ya riga ni." Ba ta yi dariya a wurin ba, ta riƙe abinta sai da ta isa gida.

Mijin nata, Mai Fenti, mutum ne mai fara'a. A kan tsani yake rera waƙoƙin sujada, da wata murya da ba ta taɓa haɗuwa da waƙar a hanya ba. Sun daɗe ba su sami haihuwa ba, da ta zo kuma sai 'ya mace guda, siririya, har uban ya ɗauke ta ya juya ta ya ce, "Wannan ai allura kika haifa mana." Sunan ya bi ta, har ta girma ta yi aure a can wancan gefen gari Allura ake ce mata.

Aibinsa ɗaya ne, in aibi ne. Komai ya same shi, da sauƙi ne. Ya faɗo daga tsani, da sauƙi. Zazzaɓi ya kayar da shi har haƙora na kaɗawa, da sauƙi. Ba shi kaɗai ba, haka aka rene mu duka: kana numfashi sama-sama a tambaye ka jiki, ka tattara ɗan ƙarfin da ya rage ka ce da sauƙi, don kada ka ɗora wa mai gaisuwa kaya. Ladabi ne, ban musa ba. Amma ladabin nan ya cinye mutane da yawa.

Wata safiya ta shigo ɗaki ta tarar da shi zaune a bakin gado, hannu dafe da ƙirji, zufa a goshi.

"Baban Allura, lafiya? Ya jikin?"

"Da sauƙi," ya ce, har da murmushi.

Ta dube shi, ta ga fuskar ba ta yi mata ba. Amma akwai yadi shimfiɗe a kan tebur yana jiranta, shi kuma ya ce da sauƙi. Ya ɗauki bokitinsa da buroshi, ya ɗaga labulen ƙofa, wani ruwan ɗorawa mai laushi da ta ɗinka shekarar da suka tare, ya fita. Labulen ya daɗe yana lilo a bayansa. Kafin rana ta raba aka zo aka faɗa mata cewa ya zauna a gindin katangar da yake shafawa a bakin babban titi, wai zai ɗan huta, bai ƙara tashi ba.

Aka yi zaman makoki aka watse. Allura ta ɗan zauna da ita, sannan ta koma ɗakinta. Mai Labule ta yi tsammanin baƙin ciki ne kawai zai zauna da ita, ashe ya zo da ɗan'uwansa, tsoro. A kasuwa ya fara kama ta. Tana tsaye tana zaɓar zare, sai zuciyarta ta fara dukan uku-uku, tafin hannunta ya jiƙe, hanya ta karkace, muryoyin mutane suka yi nisa kamar daga cikin rijiya. Ta tabbata faɗuwa za ta yi a nan, a zo a kewaye ta kamar yadda aka kewaye shi. Ba ta san yadda ta kai gida ba. Daga ranar ta daina zuwa kasuwa. Sai ta daina zuwa auna tagogin mutane, aiki ya tsaya. Sai sujada ta bi baya. Duniyarta ta yi ta tsukewa, daga unguwa zuwa layi, daga layi zuwa bakin famfo, har ta tsaya a labulen nan ruwan ɗorawa. Da ta kai hannu za ta ɗaga shi sai ta janye ta koma ciki.

Ɗinki na ƙarshe da ta yi na kanta ne: labule mai kauri, mai shafi biyu, ga kowace taga ta gidan. Ta rufe keke da tsohon zane. Daga nan kwanaki suka narke cikin juna. Takan kwanta tana kallon siririn hasken da ke kutsowa ta gefen labule, yana tafiya a bango a hankali, ya haye kan rigar aikin Mai Fenti da har yanzu ke rataye a ƙusa da ɗigon launi bakwai, ya sauka ƙasa, ya ɓace. Wani lokaci sai ta ji kamar ana rera waƙa a kan tsani can bayan gida, ta yi kasaƙe, ashe tattabarun maƙwabta ne. Abinci ya zama kamar takarda a bakinta. Ba kuka take yi ba. Kukan ma ya yi mata nisa.

Mutane ba su yashe ta ba. Maƙwabciyarta na yi mata cefane. Matan zumuntar majami'a sun zo sun cika ɗaki da waƙa. Fasto ya zo ya zauna a bencin shago ya tambaye ta, "Mama, ya ƙarfin jiki?" Ta gyara ɗankwali ta ce, "Da sauƙi, Fasto." Kowa ya zo haka take sallamarsa, su kuma su ce Ubangiji ya ƙara sauƙi, su tafi da farin ciki. Har addu'arta haka ta koma. Takan durƙusa ta ce, "Ubangiji, na gode, da sauƙi, ka ƙara mana," cikin ladabi, kamar mai gaida suruki. A ganinta, mai bi da ke tsoron bakin ƙofarsa ya ba Ubangiji kunya, gara ta ɓoye masa.

Cikin wannan hali Allura ta zo da albishir: tana da ciki, na fari. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun uwar ta ce, "Mama, ranar haihuwar nan ba na son kowa a kusa da ni sai ke. Ki yi mini alkawari."

"Zan zo," in ji Mai Labule.

Ta faɗa ne tana kallon labulen ƙofa. Tsakaninta da asibitin da Allura ke zuwa awo akwai layi, da babban titi, da motar haya, da katangar nan. Ita kuwa ko bakin famfo ba ta iya kaiwa. Cikin ya yi ta girma, Allura ta yi nauyi ta daina ƙetaro gari, sai dai waya. Duk sanda wayar ta yi ƙara gaban Mai Labule sai ya faɗi, don ta san ranar na matsowa, kuma 'yarta tilo za ta juya ta nemi uwarta ta ga bango.

A wannan tsakanin Gwaggo ta dawo gari. Yayar Mai Fenti ce, Allura ce ta fara kiranta Gwaggo kowa ya ɗauka, Mai Labule kaɗai ke ce mata Yaya. Ta jima a wani gari wurin ɗanta tana jinyar ƙafa. Tsohuwa ce gajeriya mai sanda, kunnenta ya yi nauyi tun da daɗewa, kuma da yake ba ta jin muryar kanta, raɗarta ma sai an ji a layi na gaba. A majami'a kowa ya san sirrin Gwaggo, don a cikin addu'ar zuci take faɗinsa.

Ta shigo ba ta jira an ce ta shigo ba, ta tsaya tana lalube. "Kai! Gida ne wannan ko cikin tulu?" Ta ja labule ɗaya gefe, haske ya zubo, ta kama haɓar Mai Labule ta juyo da fuskarta wajen taga. "Ya jikin, matar ƙanena?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Me kika ce?"

"Na ce da sauƙi!"

"Ban ji ba," in ji Gwaggo. "Ni yanzu kunne ya yi ritaya, da ido nake ji. Bakinki ya motsa, amma fuskarki wata magana take yi daban."

Ba ta matsa mata ba. Ta jingine sanda ta ce a yi addu'a, ta rufe ido ta buɗe murya har kwanukan da ke jere a ɗakin na amsawa: "Yesu, ni ce. Ƙafar nan har yanzu tana ci na, kuma ban ji daɗin yadda ka ɗauke ƙanena ka bar ni ba, ni da na girme shi. Na faɗa maka jiya, yau ma ina maimaitawa. Ga matarsa nan ta rame kamar tsinke, ta ƙi faɗa mini abin da ke damunta. Ka san abinka. Amin." Mai Labule ta buɗe ido ɗaya tana duban rufi, tana jiran ya rufto. Bai rufto ba. Gwaggo ta tashi fuskarta wasai, ta tambaya ko akwai ruwan sanyi.

Bayan kwana biyu ta dawo da igiya a hannu, an yi mata ƙulli a wuri biyu. "Na je wurin Allura. Tagar ɗakinta tsirara take, rana na dukan daidai inda za a kwantar da jariri. Ga awo na kawo miki, daga nan zuwa nan tsawo, faɗin kuwa kamar hannuna biyu, ki ɗan ƙara kaɗan."

Wani abu da ya daɗe yana barci ya motsa a ƙirjin Mai Labule. Ta karɓi igiyar da yatsa biyu. "Haba, Yaya! Igiyar shanya? Wannan ai tana miƙewa. Kin san sarai ba na karɓar awon baki."

"Wannan kam na ji," in ji Gwaggo. Ta zauna ta ɗora haɓa a kan sanda. "To ke da ba ki yanka yadi a kan awon baki, don me kike ba Ubangiji awon baki? Kullum da sauƙi, da sauƙi. A kan wane awo kike so ya yanka miki? Ki bar shi ya shigo ya ɗora tef ɗinsa mana."

"Yaya, kunya nake ji. Mai bi da tsoro..."

"Ɗaga murya!"

"Na ce mai bi ba ya tsoro!"

"Wa ya faɗa miki? Shi kansa Yesu, da lokacinsa ya matso, da sauƙi ya ce wa Ubansa? Faɗuwa ya yi ƙasa yana zufa, ya faɗi nauyin abin yadda yake. Ke kin fi shi ladabi ne?" Sannan ta ƙara da cewa, "Da sauƙin nan ita ta raba ni da ƙanena. Ba zan zauna ta raba ni da ke ba."

Ta tafi ta bar igiyar a kan keke. La'asar ce, labulen da ta ja gefe yana nan yadda ta bar shi, rana ta shimfiɗa wani dogon haske a ƙasa. Mai Labule ta durƙusa a cikinsa, ta buɗe baki, tsohuwar kalmar ta taho da kanta har kan harshe. Ta haɗiye ta.

"Yesu," ta ce. "Ba sauƙi."

Sai ta ji kamar an tsinke zaren kalmasa, duk ɗinkin ya warware. Ta faɗa masa ta ga fuskar mijinta da safiyar nan, ta san ba lafiya, ta bar shi ya fita saboda yadi. Ta faɗa masa tana jin haushinsa shi kansa, tana jin haushin Mai Fenti da murmushinsa. Ta ce tana tsoron titi, tana tsoron waya, tana tsoron zuciyarta, tana tsoron ta yi wa 'yarta alkawarin da ba za ta cika ba. Kukan da ya yi nisa ya dawo gida, ta yi shi har muryarta ta dushe, sannan barci ya ɗauke ta a nan ƙasa, kanta jingine da ƙafar keke.

A cikin barcin ta ga kanta ta zama taga a wani gida da ba a gama ba, ba gilashi, iska na ratsa ta. Wani ya zo ya tsaya a gabanta da tef. Ba ta ga fuskarsa ba, hannayensa kawai ta gani, kowanne da tabo a tsakiya. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya bi da yatsa inda bangon ya tsage da inda ya karkace, bai yi tsaki ba, bai yi sauri ba. Da ya gama bai tafi ba, sai ya zauna a gindinta. Ta farka ana kiran yara su shigo gida, ta ji yunwa, abin da ta manta kamanninsa.

Kada wani ya ce washegari ta tashi garau ta nufi kasuwa. Tsoron yana nan inda yake. Abin da ya sauya shi ne ta fara ba da awonsa kowace safiya. "Yesu, yau ya kai mini har wuya." "Yau a gwiwa ya tsaya." Ta lura cewa abin da aka auna yana da iyaka, ta sama da ta ƙasa, ba kamar dā ba da ya cika ɗakin duka. Gwaggo kan zo da hantsi ta ba ta gefen sanda ta riƙe, su ɗaga labulen ƙofa tare. Suka kai bakin famfo. Suka kai kwanar layi. Wata rana ta juyo da gudu daga kwanar ta kwanta har yamma, Gwaggo ta zauna a kanta tana ba Ubangiji rahoto da ƙarfi, har mai shagon kusa ya leƙo ya ce amin. Da fasto ya sake zuwa ya tambayi jiki, ta ce, "Ba sauƙi, Fasto," ta faɗa masa komai. Mutumin ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, za su yi ta addu'a, kuma idan ta iya fita matarsa za ta raka ta ganin likita.

Babban titi ne dai ba ta kai ba tukuna. Suna cewa saura makonni, za a kai a hankali. Jariri kuwa bai san da wannan shiri ba. Wata rana da tsakar rana waya ta yi ƙara, mijin Allura ne: "Mama, naƙuda ta taso tun safe, muna asibiti. Ke take ta kira."

Ta kira Gwaggo. Waya ta yi ta ƙara, ina Gwaggo za ta ji? Maƙwabciya ta tafi kasuwa. Mai Labule ta sa takalmi, ta rataya tef a wuya ba tare da ta san ta yi ba, ta tsaya a gaban labulen ruwan ɗorawa. Zuciyarta na bugawa har cikin kunne.

"Yau ya wuce kaina," ta ce. "Ba sauƙi ko kaɗan. Amma mu je."

Ta ɗaga labulen. Layin ya yi fari fat da rana, komai na rawa-rawa kamar ana kallonsa ta cikin siririn yadi. Ta wuce famfo, ta wuce kwana, tana ba da awo a kowane taku kamar mai hira da abokin tafiya. Ta shiga motar haya ta zauna a bakin taga ta damƙe tef ɗin da hannu biyu. Da suka zo daidai katangar ta so ta rufe ido, sai ta ƙi. Wani ya ƙarasa fentin, amma farinsa bai zo daidai da na Mai Fenti ba, ana ganin layin inda buroshinsa ya tsaya. Nasa ɓangaren ya fi sumul. Ta kalle shi hawaye na zuba, har motar ta sha kwana.

A ɗakin masu naƙuda ta sami Allura kwance a gefe guda, fuska a kumbure, ta damƙe ƙarfen gado. Da ta ga uwarta sai idanunta suka cika.

"Mama, kin zo."

"Na zo. Sannu, 'yata. Ya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Allura, har da ɗan murmushi. Murmushin ubanta ne sak, da bakinsa, da zufar goshinsa.

"Kul!" in ji Mai Labule, da wata murya da ta sa matar gado na kusa ta juyo. Ta kama haɓar 'yarta ta juyo da fuskarta wajen haske. "Ba ni za ki faɗa wa wannan ba. Faɗa mini yadda yake."

Murmushin Allura ya ɓace. "Kaina ne, Mama, kamar ana sara shi. Idona yana ganin wasu taurari, wani lokaci duhu-duhu. Nas ta zo ta tambaye ni, na ce da sauƙi, na ga aiki ya yi musu yawa. Mama, tsoro nake ji."

Matar da ta yi watanni ba ta iya kai bakin famfo ba, ita ce ta fita baranda ta tare nas da hannu biyu. "'Yata, don Allah zo ki sake auna yarinyar nan. Kada ki bi ta bakinta, ki auna." Nas ta ji bayani, ta kawo abin awon jini ta ɗaura, ta duba, fuskarta ta sauya. Tun bayan awon safe jinin ya hau sosai. Nan da nan aka kira likita, ɗakin ya cika da sauri da ƙarar takalma, aka yi mata allura, aka fara tura gadon. Mai Labule ta bi gefensa riƙe da hannun 'yarta.

"Ni ma tsoron nake ji," ta ce mata a kunne. "Mu faɗa masa tare. Yesu, ga mu, mu biyu, ba sauƙi."

Aka rufe ƙofa a gabanta. Ta zauna a benci kusa da surukinta, tana naɗe tef tana warwarewa, tana kallon wata doguwar taga a ƙarshen baranda wadda aka rataya wa labulen da bai kai ƙasa ba. Rana ta sauko ta wannan giɓin ta kwanta a kan ƙafafunta. Ba ta san tsawon zaman ba. Sai dai ta ji kuka, siriri, mai kaifi, sannan likita ta fito tana cire safar hannu ta ce mace ce, uwa da 'ya suna lafiya, kuma an yi sa'a da aka gane da wuri.

Da yamma Gwaggo ta iso tana dogara sanda, tana faɗa wa duk asibitin cewa ba wanda ya kira ta. Ta tarar da Mai Labule zaune a bakin gado, jaririya a cinya, Allura na barci. Tsoron bai ƙaura daga rayuwar Mai Labule ba. Har yau yakan leƙo, ta ba da awonsa, ta sha maganin da likita ya ba ta, ta buɗe shago ta taka kekenta cikin hasken nan mai launi. Tagar Allura ma ita ta je ta auna da kanta, igiyar Gwaggo kuwa ta yi kuskure da kusan taƙi guda. Amma wannan duk daga baya ne. A wannan yammacin tsohuwar ta sunkuya ta leƙa jaririyar, ta ce wannan kuma zare ce, sannan ta kama haɓar matar ƙanenta ta juyo da ita wajen taga.

"Ke fa? Ya jikin?"

Mai Labule ba ta yi saurin amsawa ba. Ta tsaya ta auna tukuna, daga sama har ƙasa. Sannan ta ce, a hankali, don kada ta tashi mai barci, "Da sauƙi, Yaya."

Gwaggo ta daɗe tana duban fuskarta.

"Wannan karon na ji," ta ce.